Kamarar fim ta makanik ko ta lantarki: wace ce za ta iya da zafi da ƙurar ƙasarmu?

A watan jiya ƙanena da ke karatu a birnin Lyon na Faransa ya turo mini hoton kamara biyu da ya tarar a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi. Duka biyun tsofaffi ne, irin waɗanda ake saka wa fim, masu launin baƙi da ruwan azurfa. Ɗaya Pentax K1000, ɗaya Canon AE-1. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: “Yaya, wace zan ɗauka? Ina so in zo da ita bikin gida, in kuma ɗauki hawan Sallah a Damagaram.”

Wanda ya kalle su zai ce tagwaye ne. Shekara ɗaya aka fito da su, 1976, kuma duka daga Japan. Kowace tana da ɗan hannun da ake ja da babban yatsa don gusa fim, da ƙaramin faifai a sama mai lambobi har zuwa 1000. Bambancin yana ciki. Idan ka cire wa Pentax ɗin batir, za ta ci gaba da ɗaukar hoto kamar ba abin da ya faru. Idan ka cire wa Canon ɗin, ko motsi ba za ta yi ba, sai dai ka rataya ta a wuya don ado.

Ba ƙanena kaɗai ke wannan tambaya ba. Fim ya sake shiga ran matasa a ƙasashe da dama, har kamfanin Leica ya dawo da ƙera M6 a 2022, Pentax kuma ya fito da sabuwar kamarar fim mai suna Pentax 17 a 2024. Sai dai akasarin abin da ke faɗowa hannun ɗalibi ko ɗan ci-rani tsofaffi ne masu shekara 30 zuwa 50, daga gwanjo, ko daga intanet, ko daga ƙasan akwatin baba. Kuma fim ba waya ba ne. Hoto 24 ko 36 ne a naɗi ɗaya, ba ka ganin ko ɗaya sai an wanke. Idan kamarar ta ci amanarka ranar ɗaurin aure, sai bayan mako biyu za ka sani, lokacin baƙi sun watse, amarya ta tare.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓalli

A cikin kowace kamarar fim irin waɗannan akwai labule a gaban fim ɗin. Idan ka danna maɓalli, madubin da ke nuna maka abin da kake dubawa ya ɗaga sama, labulen ya buɗe na wani ɗan lokaci, haske ya faɗa kan fim, labulen ya rufe. Lambobin da ke kan faifan sama su ne tsawon wannan lokaci: 125 na nufin kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, 1000 kuma kashi ɗaya cikin 1000. Duk rigimar makanik da lantarki a kan abu ɗaya take, wato wane ne ke ƙirga wannan lokaci.

A kamarar makanik, sifirin ne da ƙananan ƙafafu masu haƙora ke ƙirgawa, kamar agogon hannu na da da ake wanawa kowace safiya. Jan hannun gusa fim shi ne wanin. Ƙarfin yatsanka ne ke taruwa a sifirin, shi ne kuma ke tafiyar da labule. Idan akwai batir a cikinta, aikinsa ɗaya ne tak: kunna ma'aunin haske, ɗan tsinken nan ko fitilar da ke nuna maka ko hasken ya isa.

A kamarar lantarki kuwa, maganaɗisu ne mai aiki da wuta ke riƙe labule, allon lantarki kuma ya ƙirga lokaci, ya sake shi. Ita ce agogon batir. Abin da ke ruɗa masu saye shi ne yawancin na lantarkin farko, irin su AE-1 ɗin, suna da hannun gusa fim da jiki mai kama da na makanik. Ganin hannun ja ba hujja ba ce. Hujja ita ce a cire batir a danna.

Yadda lantarki ya shigo harkar

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 kusan duk kamarar da ke hannun masu hoto ta makanik ce. Da irinsu aka fara ɗaukar hotunan da muke alfahari da su a wannan yanki, kamar na Philippe Koudjina, wanda ya adana mana rayuwar dare da ƙuruciyar Yamai ta shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014.

A 1966 kamfanin Yashica ya fito da Electro 35 mai labulen da lantarki ke sarrafawa. A 1971 Pentax ya kawo Electro Spotmatic, wadda kai za ka zaɓi faɗin ƙofar haske a gilashi, ita kuma ta zaɓi saurin labule da kanta. Amma Canon AE-1 ce ta juya kasuwa. An saka mata ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, an rage yawan sassan ƙarfe, an yi murfin samanta da roba mai rufin ƙarfe, farashi ya sauko, aka sayar da miliyoyi. Mutumin da bai taɓa koyon lissafin haske ba ya samu damar ɗaukar hoto mai kyau.

Ƙwararru ba su miƙa wuya nan take ba. Lokacin da Nikon ya maye gurbin F2 ta makanik da F3 ta lantarki a 1980, ƴan jarida da yawa sun yi ɗari-ɗari, suna tsoron batir ya mutu musu a fagen aiki. F3 ta ba su kunya, don an ci gaba da ƙera ta har kusan shekara 20. Amma Nikon bai bar makanik ba. A 1982 ya fito da FM2, wadda labulenta ke kai 1/4000 ba tare da ɗigon wuta ba. Da ita Steve McCurry ya ɗauki hoton yarinyar nan ƴar gudun hijirar Afganistan mai korayen idanu a 1984, wanda ya fito a bangon mujallar National Geographic a Yunin 1985.

Daga 1985, da fitowar Minolta 7000 mai saita gilashi da gusa fim da kanta, lantarki ya mamaye komai. Kamarorin shekarun 1990, irin su jerin Canon EOS da Nikon F90, kwamfutoci ne da ake saka wa fim.

Inda ta lantarki ta yi gaba

Masu son tsofaffin kaya ba su cika son jin wannan ba, amma ta lantarki ta fi ƙirga lokaci daidai. Sifirin yana gajiya, man da ke tsakanin haƙoran ƙarfe yana bushewa. Kamarar makanik da ta yi shekara 40 ba a duba ta ba, abin da ta kira 1/1000 yana iya zama 1/600, daƙiƙa ɗayanta kuma ta ja ta kai biyu. Ta lantarki, muddin tana raye, lissafinta bai cika kaucewa ba. Ƙari a kan haka, idan aka bar ta ta zaɓa da kanta tana iya tsayawa tsakanin lambobi, misali 1/180 ko 1/340, alhali ta makanik akasari daga 125 sai 250 sai 500.

Na biyu shi ne sauri. A wajen hawa, doki ya fito daga inuwar ƙofar fada ya shiga tsakar rana cikin ƙiftawar ido. Kafin mai makanik ya duba ma'auni ya murɗa faifai, mahayin ya wuce. Mai lantarki yana dannawa ne kawai. Haka a wajen biki, inda ake shiga ɗaki a fita tsakar gida, a koma ƙarƙashin rumfa.

Na uku shi ne kuɗi. Suna ya sa tsofaffin makanik irin K1000 da FM2 sun yi tsada a kasuwannin Turai da Amurka. Kamarorin roba na shekarun 1990 kuwa ba su da farin jini wajen masu son a gan su da kamara a wuya, saboda haka ana samun su da araha, alhali sun fi su ma'aunin haske da saurin labule. Nikon F-801 ta 1988 tana kai 1/8000. Wanda yake da gilashin Canon EF na kamarar dijital zai iya ɗaura shi kai tsaye a kan EOS ta fim, don bakin ɗaya ne tun 1987.

Amma akwai wurin da wayonta ke kasawa, kuma wurin namu ne. Ma'aunin haske yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaicin launi, ba fari ba ba baƙi ba. Ranar idi filin cike yake da fararen riguna da rawuna, ga rairayi mai ƙyalli, ga sama fes. Ma'aunin ya ga fari ya yi yawa sai ya rage haske, fuskokin mutane masu duhun fata su fito baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Maganin shi ne ka ƙara mata haske da hannunka. Don haka idan za ka sayi ta lantarki, ka nemi wadda ke bari ka karɓi linzami. Wasu, kamar Nikon EM da Pentax ME, an yi su ne don su riƙa zaɓar saurin labule da kansu, ba su ba ka cikakken iko.

Inda ta makanik ta riƙe kambu

Babbar fa'idarta ba ta tsaya a rashin buƙatar batir ba. Ciwonta ana ganinsa da ido, ana kuma jinsa da kunne. Ta makanik ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, rashin lafiya take farawa: ƙananan lambobi su fara ja, madubi ya fara maƙalewa, hannun gusa fim ya yi tauri. Mai gyara ya kwance ta, ya wanke tsohon mai, ya saka sabo, ya daidaita sifirin, ta sake yin shekaru. Idan wani sashe ya karye, ana ciro shi daga wata matacciya irinta, wani lokaci ma a ƙera shi.

Wanda ya ga hotunan shagon Malick Sidibé a unguwar Bagadadji ta Bamako ya ga shaida. Mutumin da ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin Venis a 2007, ya rasu a 2016, ya yi shekaru yana gyaran kamarori, kantocin shagonsa cike da su har sama. Irin wannan sana'a hannu take so da haƙuri da ido, ba sai an jira kaya daga Japan ba.

Ta lantarki kuwa, idan ƙwaƙwalwarta ta ƙone, ko siririyar wayar nan mai kama da leda da ke naɗe a cikinta ta tsage, kamfanin ya daina yin kayanta tun da daɗewa. Sai dai a sayi wata a ciro. Ƙananan kamarorin aljihu masu tsada irin Contax T2, waɗanda fitattun ƴan kwalliya suka sa kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi, su ne suka fi jefa mutane cikin wannan hali: yau tana aiki, gobe ta yi shiru, mai gyara ya ce babu kaya.

Sannan a ƙasar rana irin tamu ana iya aiki ko ma'aunin haske ya mutu. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: da tsakar rana, ka sa ƙofar haske a 16, ka sa saurin labule a lambar da ta fi kusa da ƙarfin fim ɗinka. Idan fim mai lamba 200 ne, kamar Kodak Gold, ka sa 250. Idan hazo ya rufe rana, ka buɗe zuwa 11 ko 8. A inuwar bedi ko bakin zaure, 5.6 ko 4. Fim mai launi na yau da kullum yana yafe kuskure, musamman idan hasken ya yi yawa ne, don haka idan kana shakka ka ƙara, kada ka rage. Da wannan ƙa'ida ana ɗaukar hoto mai kyau da tsohuwar Zenit ta Tarayyar Sobiyet, wadda ko gurbin batir ba ta da shi.

Maganar batir, wato pil

A nan ne da yawa ke faɗawa rami, ta ɓangarorin biyu. Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi wane batir take ci, ka kuma tambayi kanka ko za ka same shi a Tawa ko Tasawa ranar da ya ƙare.

Ƙaramin nan mai kama da maɓallin riga, LR44 ko SR44, shi ne mafi sauƙin samu, don masu gyaran agogo suna da shi. Shi K1000 da FM2 ke amfani da shi wajen ma'auni, shi ne kuma ke tafiyar da na lantarki irin su Nikon FE da F3 da Minolta X-700. Abu ɗaya game da K1000: ba ta da makunnin kashe ma'auni, idan ka bar gilashi ba murfi batirin zai yi ta zuba.

AE-1 tana cin 4LR44 mai ƙarfin bolt 6, wanda ba kowane shago ke da shi ba. Da yawa daga na shekarun 1990 suna cin CR123A ko CR2 ko 2CR5, masu tsada da wuyar samu a wajen manyan birane. Amma wasu, kamar Nikon F-801 da F90X da F100 da Canon T90, batirin AA guda huɗu suke ci, irin na rediyo da tocila. Ga mai zama a gida, wannan kaɗai ya isa ya sa su gaban ƴan'uwansu.

Ta makanik ma ba ta tsira ba. Tsofaffi irin Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 da Canon FTb an yi ma'auninsu ne don batirin da ke ɗauke da sinadarin makuri mai bolt 1.35, wanda aka hana ƙerawa saboda gubarsa. Idan ka saka na yanzu mai bolt 1.5, ma'aunin zai motsa, amma ƙarya zai riƙa yi maka. Masu su kan yi amfani da batirin na'urar ƙara ji ta kurame, mai bolt 1.4, sai dai ba ya daɗewa da zarar an ɓare shi.

Zafi, ƙura da sanyin ƙasashen waje

Yawancin abin da ake rubutawa a Turai kan wannan muhawara maganar sanyi ce: batir yana rauni idan ƙanƙara ta sauka, ta makanik kuma ta ci gaba. Wannan ya shafi ƴan'uwanmu da ke Montreal ko New York, kuma dabararsu ita ce ajiye batir na biyu a aljihun ciki, kusa da jiki. A gida matsalarmu daban ce.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana narkar da man da ke cikin kamara da gilashi, ya malala zuwa inda bai kamata ba, kamar ganyayen ƙofar haske, su riƙa mannewa. Yana sa batirin da aka manta a ciki ya yi yoyo ya cinye ƙarfen gurbinsa. A ta makanik wannan ma'auni kawai zai kashe. A ta lantarki yana iya kashe kamarar baki ɗaya. Yana kuma narkar da sosan da aka liƙa a gefen murfin baya don tare haske, ya koma baƙin danƙo. Wannan ya shafi duka biyun.

Ƙurar hunturu ita ma ba ta zaɓe. A ta makanik tana haɗuwa da mai ta zama kamar laka mai cin haƙoran ƙarfe a hankali. A ta lantarki tana shiga maɓallai da wuraren da wuta ke ratsawa, da fuskar maganaɗisu, kamara ta riƙa yi tana ƙi. Kada ka canza gilashi a fili lokacin iska. Ka ajiye ta cikin jaka mai rufi, ka goge ta da burushi mai laushi kafin ka buɗe bayanta. Masu kamara marar madubi a ciki mai labulen yadi, kamar tsofaffin Leica da Zorki, su kula: idan aka bar gilashi ba murfi yana kallon rana, yana iya ƙona rami a labulen.

Cututtukan da aka san su da su

Ba kowace mutuwar lantarki ce ta har abada ba, kuma sanin wannan yana ceton kuɗi. Minolta X-700 da ƴan gidansu an san su da lalacewar kondansata, ɗan abin nan mai tara wuta da masu gyaran rediyo suka sani. Alamarta ita ce fitilun ciki su kama, ka danna, su mutu, labule bai motsa ba. Kayan ba su da tsada, kuma mai gyaran waya mai natsuwa da ya iya aiki da dalma zai iya canzawa. A garuruwanmu na yau masu gyaran waya sun fi masu gyaran agogo yawa, wannan kuma wani maki ne ga ta lantarki da ba a cika ƙirgawa ba.

AE-1 tana da tarin da aka san ta da shi, wani ƙara kamar kukan ƙyauren da bai sha mai ba, daga bushewar man injin madubi. Ana gyara shi. Murfin gurbin batirinta kuma yana saurin karyewa. Canon T90 idan ta daɗe a ajiye maganaɗisunta yana mannewa, ta rubuta EEE ta ƙi aiki. Wasu EOS na farko suna da wata roba a kusa da labule da ke narkewa ta shafa masa baƙin mai. Bayan Nikon F90 da F80 yana yin danƙo a hannu, abin ƙyama ne amma ba ya hana hoto.

Akwai kuma masu ƙafa biyu. Nikon FE ta lantarki ce amma an bar mata lamba ɗaya ta makanik, 1/90, don ranar da batir ya mutu. FE2 tana da 1/250, Pentax ME Super tana da 1/125. Pentax LX ta 1980 tana aiki ba batir a manyan lambobinta. Nikon FM3A, da aka ƙera daga 2001 zuwa 2006, ita ce ta haɗa duka: tana zaɓa da kanta idan da batir, tana aiki a kowace lamba idan babu. Kuɗinta ne kawai ke korar ɗalibi.

Gwajin minti goma kafin a biya

Ko wace iri ce, lafiyar wadda ke hannunka ta fi sunan da ke goshinta. Ka je da batir naka. Ka buɗe gurbinsa ka duba ko akwai kore ko farin gari, alamar yoyo. Ka buɗe murfin baya, ka kalli bango mai haske ta cikin labule, ka danna a kowace lamba daga ƙasa zuwa sama. A lamba 1 ka saurara: ya kamata ta buɗe ta rufe cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da tsayawa a hanya ba. A 1000 ka tabbata hasken ya ratsa dukkan tagar, ba rabi ba. Ka taɓa sosan gefe da tsinke, idan ya manne sai an canza. Ka ɗaga gilashi ga haske ka duba ko akwai zare-zare kamar saƙar gizo, wato fumfuna. Ka nuna ma'aunin ga rana sannan ga inuwa ka ga ko yana amsawa, ka gwada shi da manhajar auna haske ta waya.

Ga masu zuwa da fim daga waje: kada a saka shi cikin akwatin da ke shiga cikin jirgi, don na'urar binciken can ta fi ƙarfi. Sababbin na'urorin binciken jakar hannu da wasu filayen jirgi suka kawo su ma suna lalata fim, har Kodak ya yi gargaɗi a kansu. A roƙi jami'ai su duba shi da hannu. Kuma tun kafin a ɗauki hoto na farko a san inda za a wanke, a gida ne ko sai an koma.

Amsar da na ba ƙanena

Na tambaye shi abu ɗaya: bayan biki, da kamarar za ka koma ko a gida za ka bar ta? Ya ce zai bar wa ƙanwarmu da ke Maraɗi, tana son koyo. Sai na ce ya ɗauki Pentax. Kamarar da za ta yi wata uku a cikin durowa a ɗakin kwano, a fito da ita ranar suna, a hannun mai koyon da ya kamata ta san dangantakar ƙofar haske da saurin labule, gara wadda ba ta dogara da batirin da ba a samu a unguwa ba. Na ƙara masa da cewa idan mai K1000 ya tsawwala kuɗi saboda suna, Ricoh KR-5 da Yashica FX-3 da Pentax KM duk makanik ne, kuma aikin ɗaya suke yi.

Da a ce zai koma da ita Lyon, inda batir da masu gyara suke kusa, da ban hana shi Canon ba. Da kuma a ce aikin bikin ne kawai a gabansa, da na tura shi ga ɗaya daga cikin na robar nan masu cin AA, ya sayi biyu ma da kuɗin Pentax ɗaya, idan ɗaya ta mutu ya ɗauko ɗaya.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ya ƙarar da naɗi guda a can, a wanke, ya gani da idonsa kafin ya hau jirgi. Ya yi haka. Hotuna 36 suka fito, kusan rabinsu da jan zane a gefe ɗaya, alamar haske yana shiga ta murfin baya. Ya sayi sabon soso ya zauna da tsinken sakace da ɗan alkol ya kankare tsohon, ya liƙa sabon. Naɗi na biyu ya fito fes. Bikin saura mako uku, kuma na ce masa ranar ɗaurin aure ya bar wayarsa a cike da caji a aljihun gaba.